Tawadar Babban Yatsa

Ni ne akawun biya a sakatariyar Tudun Maɗaci,
shekara ashirin da uku ina ƙirga kuɗin da ba nawa ba.
Yau wata bakwai ke nan
ina buɗe littafin albashi da hantsi,
in kori kyankyaso daga tsakiyarsa,
in ja layi da rula, in rufe.

Kason da ke zuwa daga Abuja
sun ce ya taso.
Ya wuce Tafa, ya wuce Katari,
har ya sha ruwa a Kaduna,
sai aka ce wata takarda ce ba ta cika ba.
Muka cika. Aka ce hatimi ya karkace.
Muka miƙe shi. Aka ce mai sa hannu ya tafi Umara.
Ya dawo da dabino, bai dawo da biro ba.

Har ’yan tallan gyaɗa sun san sunan takardar nan:
Malam Nadabo, tsohon hedimasta,
mai babur ɗin da sai an tura,
wanda muka bi layi cikin rana muka dangwala wa yatsa,
alhali an aiko mana da sunan wani
naɗe cikin atamfa da sabulu da taliya.
Mun karɓi taliyar, ba zan ɓoye ba, mun dafa.
Amma ciki daban, yatsa daban.

Ladidi ta asibiti da fitilar waya take karɓar haihuwa,
ta riƙe ta da haƙora.
Allurar rigakafi ta lalace a firijin da ya zama kabad.
Malam Yohanna na aji biyar
yana rubuta lissafi a allo da safe,
da yamma yana ɗaukar uwayen ɗalibansa a acaɓa,
ya kau da kai sa’ad da suke miƙo kuɗi.
Kwalbatin hanyar kasuwa ya tafi da ruwan Agusta,
buhunan citta na tsiro a tsallake.
Ruwan bai tambayi kowa wa ya zaɓa ba.
Maƙwabcina Korau, da ya zaɓi na taliya,
shi ma tuwonsa ba miya.

Ran Talata wata mota mai baƙin gilashi
ta tsaya ƙarƙashin maɗacin ofis, ba ta kashe inji ba.
Saƙon gajere ne:
ya sauya hula kawai, kafin Juma’a waya za ta yi ƙara.

To, ga abin da ban gaya wa kowa ba.
’Yata Yelwa an koro ta daga kwaleji kan kuɗin rajista,
Tabawa ta sayar da keken ɗinkinta.
Bayan lisha na lallaɓa ta lungu
na yi sallama a zauren Nadabo,
ni da na raba masa fosta da hannuna,
na ce, “Malam, hula ai tsumma ce.”

Ya zuba mini shayi ba sukari.
Ya daɗe yana juya cokali a kofin da ba abin juyawa.
“Akawu,” ya ce, “hula tsumma ce, gaskiyarka.
Amma kan da ke ƙarƙashinta aro kuka ba ni.
Ku taru ku ce in sayar, sai in sayar.”
Ban ce masa ya yi daidai ba.
Har yau ban sani ba. Yunwa ba ta karatun tsarin mulki.
Na dai shanye shayin.

Tawadar ranar zaɓe ta bi farcena sannu sannu
har ta kai baki, na yanke ta wata Juma’a.
Yatsan yana nan.

Gobe ma zan buɗe littafin,
in rubuta sunaye ɗari huɗu da sha ɗaya,
kowa da sunan ubansa.
A gidan kuɗi kuwa na daina rubuta “babu”.
“Bashi” nake rubutawa,
da jan biro, ina dannawa
har ya fito a bayan shafi.